Senu, mikiyar da ba ta rabu da Bayek ba

Uban da ya leƙa falo ya tarar da yaro ya ƙura wa talabijin ido, wata tsuntsuwa na shawagi a kan dalar Giza, babu ihu babu ƙarar takobi, zai iya cewa a ransa, "Alhamdu lillahi, yau dai ba gem ɗin faɗa ba ne." To, a dakata tukuna. Tsuntsuwar nan sunanta Senu, kuma leƙen asiri ta fita yi.

Senu mikiya ce a cikin Assassin's Creed Origins, wasan da kamfanin Ubisoft ya fitar a watan Oktoban 2017. Labarin yana faruwa ne a Masar, wajen shekara 49 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), zamanin da Kiliyofatara ke rikicin sarauta da ƙanenta, Rumawa kuma suna ta cusa kai cikin harkokin ƙasar. Ubangidanta Bayek mutumin Siwa ne, wani dausayi can cikin hamadar yammacin Masar, kuma aikinsa kare jama'a, kamar dai dogari. Wanda ya ara masa murya Abubakar Salim ne, ɗan wasan Birtaniya mai tushe a Kenya.

Aikinta a wasan ba shi da wuyar fahimta. Da mai wasa ya danna maɓalli, sai ya bar Bayek a ƙasa ya koma yana gani da idon Senu. Daga sama yake ƙirga sojojin da ke sansani, ya ga inda kwamandansu yake, da inda aka ɓoye akwatin dukiya, har da kadan da ke kwance a bakin Nilu. Duk wanda ta hango ta sa masa alama. In Bayek ya hau ƙololuwar hasumiya ko haikali, ganinta sai ya ƙara kaifi, kuma in wasa ya yi nisa ana iya sa ta yi wa abokin gaba dirar mikiya, ta ruɗa shi. Masu suka sun ce ai wannan jirgi marar matuƙi ne kawai aka sa wa gashi. Ba su yi ƙarya ba.

Amma fa wanda ya bi labarin har ƙarshe ya san abin ya wuce haka. Wasu masu rufe fuska suka kama Bayek da ɗansa Khemu, a cikin kokawa aka karkatar da wuƙar da ke hannunsa ta soki yaron. Da wannan yake kwana, da shi yake tashi. Matarsa Aya ta tsaya masa wajen ɗaukar fansa, amma daga baya hanya ta raba su, ita ta nufi Rum. Kiliyofatara da suka yi wa hidima ta juya musu baya, ta shirya da waɗanda suke nema. Kowa ya tafi, sai Senu. In ka ajiye abin wasan ka bar Bayek tsaye na ɗan lokaci, sai ka ga ta sauko ta sauka a hannunsa, yana shafa ta. Ba ta magana, ba a ba ta wani dogon tarihi ba, kuma ni a ganina nan ne masu wasan suka yi dabara. Hatta tambarin ƙungiyar Assassins, a labarin, daga ƙoƙon kan mikiya ya samo asali: Bayek ya yar da shi a bakin teku, ya bar shaida a rairayi.

Ko akwai mikiya mai irin wannan amana a zahiri? Irin Senu akwai ta, ana ce mata mikiyar Bonelli, tana rayuwa daga kudancin Turai da arewacin Afirka har Indiya, kuma faɗin fikafikanta kan kai mita ɗaya da rabi ko fiye. Sai dai 'yan uwanmu na Saudiyya da suka ga yadda Larabawa ke horar da shaho za su gaya maka da nama ake riƙe tsuntsun farauta, ana auna nauyinsa, ana lura da yunwarsa. Kazakawan yammacin Mongoliya kuwa mikiya mace suke farautar yanyawa da ita, don ta fi namiji girma, kuma bayan wasu shekaru sukan sake ta ta koma daji ta yi 'ya'ya. Wato a can mutum ne ke cika alkawari.

Dabarar ta karɓu. A Odyssey na 2018 aka kawo Ikaros a Girka, a Valhalla aka sauya da hankaka, sannan a Mirage na 2023 Basim ya zo da Enkidu a Bagadaza ta zamanin Abbasiyawa. A nan an ɗan rage wa tsuntsun gata, don maharba da ke kan rufin gidaje kan kore shi, sai ka fara kawar da su kafin ya sake tashi.

Mu koma kan uban nan na falo. Origins a Turai an yi masa lambar shekara 18, kuma ba don wasa ba: akwai jini, akwai kisan gilla, akwai tsiraici a wasu wurare, ga gumakan tsohuwar Masar da bautarsu ko'ina. Mutanen da Senu ke sa wa alama, yawancinsu kashe su za a yi. Yaro ɗan shekara 10 bai kamata a bar shi da shi ba, ko da ya rantse tsuntsuwar kawai yake so.

Akwai mafita. A watan Fabrairun 2018 kamfanin ya ƙara wani sashe mai suna Discovery Tour, inda aka cire faɗa gaba ɗaya aka bar yawon buɗe ido guda 75: ɗakin karatu na Iskandariyya, yadda ake gasa burodi, yadda ake shirya gawar Fir'auna, ambaliyar Nilu da noman da ke biyo bayanta. Yana nan a jerin zaɓi na shafin farko, kuma ana sayar da shi shi kaɗai na kwamfuta. Ka ce wa yaron ya buɗe maka, ka jawo kujera ka zauna kusa da shi.