Kafin a Ɗaura Takalmin Gudu da Sunan Tsofaffi

Da zarar an gama girbi an kai damman gero rumbu, ƙauyukan Barmu, Kalfu da Affala sai su fara rage mazaje. Wannan ya nufi Abijan, wancan Legas, wani Libiya ko Aljeriya. Biɗa tsohuwar hanya ce ga Adarawa, kuma da ita gidaje da yawa ke tsaye. Amma ta bar wani giɓi da ba a cika maganarsa ba: tsoho da tsohuwa da suka rage a gida. Kuɗi kan iso ta Nita ko Al Izza, a sayi hatsi da magani, sai dai kuɗin ba su ne za su tashi cikin dare su juya dattijon da ɓarin jikinsa ya shanye ba. Wannan aiki yakan faɗa kan matar ɗa mai goyo, ko kan jikanya ƴar shekara goma sha biyu da aka tsayar daga lakwal.

Samarinmu na ganin hotuna a wayoyinsu: dubban mutane sanye da riguna iri ɗaya suna gudu a titunan Turai, ana cewa suna tara kuɗi ne don jinyar tsofaffi a gidajensu. Ba abin mamaki ba ne idan wata fadar samari ta ce mu ma mu yi. Niyyar tana da kyau. Abin da ya kamata a sani kafin a buga riga shi ne yadda abin yake tafiya can inda aka saba yinsa, da kuma wuraren da yake cizo.

Gudun da ake kira maraton, wanda wasu ke cewa gudun yada ƙanin wani, tsawonsa kilomita 42 da mita 195 ne. An samo wannan awon daga wasannin Olamfik na Landan a 1908. Gudun birnin Landan na shekara-shekara kuwa a 1981 aka fara shi, kuma tun daga lokacin an tara wa ƙungiyoyin agaji fiye da fam biliyan 1 ta hanyarsa. A 2024 kaɗai an tara fam miliyan 73.5. Daga cikin masu amfana akwai ƙungiyoyin kula da tsofaffi irin su Age UK.

Gudun kansa ba ya haifar da ko dala. Mai gudu shi ne ma yake biyan kuɗin shiga. Yana bin ƴan uwa da abokai da abokan aiki yana cewa, zan wahalar da kaina ranar kaza saboda wannan ƙungiya, ku tallafa. Kowa ya zuba abin da ya sawwaƙa, kuma zubin yana shiga asusun ƙungiyar kai tsaye, ba aljihun mai gudu ba. Ƙungiyar tana da rajista, akwai hukumar da ke duba littattafanta, kuma kowa na iya ganin abin da aka tara. Gudun tamkar gangar mai shela ne, ita ke tara jama'a, amma ba ita ce saƙon ba. Wanda ya kwaikwayi gudun ya bar tsarin asusun, ya ɗauko abin da ya fi sauƙi ne kawai.

Ko a can ɗin ma, da duk dokokinsu, an sha kunya. A watan Afrilu na 2020, lokacin korona, wani tsohon soja ɗan Ingila mai shekara 99, Kyaftin Tom Moore, ya ce zai zagaya lambun gidansa sau 100 da keken dogarawa don ya tara wa ma'aikatan lafiya fam 1,000. Sai ga fiye da fam miliyan 32 sun taru. Waɗannan kuɗi sun isa inda aka nufa, domin sun bi ta asusun da aka sani. Matsala ta taso ne daga gidauniyar da aka kafa da sunansa daga baya. A watan Nuwamba na 2024 hukumar da ke sa ido kan ƙungiyoyin agaji ta Ingila ta fitar da rahoto cewa ƴarsa da mijinta sun ci moriyar sunan gidauniyar don kansu, har da kuɗin littattafai kusan fam miliyan 1.5 da gidauniyar ba ta ga komai daga ciki ba, alhali masu saye na zaton sadaka suke yi. An hana su riƙe amanar kowace ƙungiyar agaji na tsawon shekaru. Idan haka ta faru a ƙasar da ake bin diddigin kowane fam, ina ga wurin da ake tara kuɗi a lambar wayar mutum guda?

Don haka idan sanarwa ta zo maka ta WhatsApp ko Facebook, da hoton wata tsohuwa kwance a kan tabarma da lambar waya a ƙasa, kada ka yi gaggawa. Tambayi sunan ƙungiyar da takardar izininta. Tambayi ko magajin gari da hakimi sun san da zancen. Tambayi tsofaffin wane gari za a taimaka, kuma wa ya zaɓe su. Mai gaskiya ba ya fushi da irin waɗannan tambayoyi, sau da yawa ma daɗi yake ji. Wanda ya ce maka "haba, aikin Allah ne, ba a bincike", to shi ne ya fi cancantar a bincika. Hoton kansa ma abin dubawa ne. Ba daidai ba ne a ɗauki dattijuwa cikin halin da ba za ta so surukanta su gan ta ba, a watsa wa duniya, wai don a motsa zukata. Tsufa da talauci ba su cire wa mutum sutura ba.

Akwai kuma asarar da ba sata ba ce, rashin lissafi ne kurum. A ɗauka misali mutum 200 sun shiga, kowa ya biya jika guda. An sami jika 200. A cire kuɗin riguna, hayar lasifika da kujeru, man mota, ruwan leda, abincin manyan baƙi da kyautar wanda ya zo na ɗaya. Me ya rage wa tsohuwar da aka yi taron da sunanta? Wani lokaci sabulu biyu da tiyar shinkafa, a ɗauki hoto, a watse. Ni a ganina, duk taron da hidimarsa ta cinye fiye da abin da ya isa hannun tsofaffi, biki aka yi, kuma gara a kira shi da sunansa. Maganin wannan shi ne a nemi ƴan kasuwa da ƴan biɗa su ɗauki nauyin hidima daban, kuɗin zubi kuma kada a taɓa su. A sa mutum uku kan asusu, a ce liman, wakiliyar mata da wakilin samari, kada a fitar da komai sai da sa hannun biyu daga ciki. Bayan an gama a karanta lissafin a bainar jama'a ranar kasuwa, ko a gidan rediyon gari.

Sai batun jiki, wanda a ƙasarmu ya fi na kuɗi haɗari. Adar ba ta rasa ƙarfafa ba. A Tawa aka yi gasar kokowa ta ƙasa ta farko a 1975, kuma yaron da ya tashi yana bin garke ko yana noma a kan fako ba baƙon wahala ba ne. Sai dai ƙarfin noma daban, jimirin gudun kilomita 42 daban. Masu shirin maraton kan ɗauki wata huɗu zuwa biyar suna horo, suna ƙara nisa kaɗan-kaɗan. Kuma zafi ba ya sanin gwani. A gasar duniya ta Doha a 2019, da tsakar dare aka fara gudun mata don a kauce wa rana, duk da haka 28 daga cikin 68 ba su kai ƙarshe ba, kuma waɗannan ƙwararru ne da gudu ne sana'arsu. Saboda zafi ne ma aka ɗauke maraton na Olamfik ɗin Tokiyo aka kai shi Safforo a arewacin Japan. A Tawa, Afrilu da Mayu zafi kan haura digiri 40. Shirya dogon gudu a wannan lokaci, ko cikin azumi, ganganci ne da ran ƴaƴan mutane. Disamba ko Janairu, bayan sallar asuba, ranar da ƙurar hunturu ba ta yi kauri ba, shi ne lokacinsa. Kuma babu dole sai an yi 42. Kilomita 5 ko 10 sun isa tara jama'a, har dattawa masu sauran ƙarfi su taka nasu da tafiya.

Wanda ke da zazzaɓi ko bai daɗe da tashi daga maleriya ba, kada ya shiga. Mai hawan jini, mai ciwon zuciya, mai sikila, da wanda ya taɓa suma yana aiki ko wasa, su fara ganin likita. Ko wanda ke ɗauke da rabin jinin sikila, wanda yake zaune lafiya ƙalau, gudu mai tsanani cikin zafi da ƙishi na iya kayar da shi.

Ƙwaya kuwa, a nan ne na fi jin tsoro. A 2012 wata mata ƴar shekara 30, Claire Squires, ta faɗi ta rasu saura kaɗan ta kai ƙarshen gudun Landan, tana tara wa wata ƙungiyar agaji kuɗi. Binciken da aka yi ya nuna cewa wani garin ƙara kuzari da ta zuba a ruwanta ya taimaka wajen tsayar da zuciyarta. Mu namu garin kuzarin shi ne tramol, wanda wasu samari ke haɗiya kafin su shiga gona. Yana rufe wa mutum jin ciwo, alhali ciwon nan shi ne jiki ke cewa tsaya, kuma yana iya jefa mutum cikin farfaɗiya. Tun Janairun 2024 an haramta shi a gasannin wasanni na duniya. Magungunan ciwon jiki irin su diklofenak da ibuprofen su ma suna wahalar da ƙoda idan aka sha su ana gudu cikin zufa. Wanda ya ga fitsarinsa ya koma kalar baƙin shayi bayan gudu, ya nufi likita a ranar, kada ya jira gobe.

Idan mai gudu ya fara tangaɗi, yana maganar da ba ta da kan gado, ko ya yanke jiki ya faɗi jikinsa rau da zafi, a kai shi inuwa, a rage masa tufafi, a kwarara masa ruwa ana fifita, sannan a ɗauke shi zuwa likita ana ci gaba da sanyaya shi a hanya. Kada a ɗura wa wanda ba ya cikin hayyacinsa ruwa a baki. Shi ya sa bai kamata a busa usur ba sai akwai malamin lafiya a wurin, da mota a shirye, da ruwa a kan hanya. Ruwan ma a sha gwargwadon ƙishi. Ɗirkar ruwa zalla fiye da kima a dogon gudu tana tsinka gishirin jini, ta taɓa kashe masu gudu.

To, in an tara kuɗin lafiya, me za a yi da su? Mu dai ba mu da al'adar kai iyaye gidan gajiyayyu, kuma da wuya Ba'adare ya yarda a ce uwarsa tana can. Jinya a ɗaki za a yi ta, saboda haka a ɗakin ya kamata kuɗin su sauka. Tsohon da ya kwanta ba ya iya motsi yana bukatar a juya shi kamar kowane awa biyu, in ba haka ba fatar ƙugu da duga-dugai ta mutu, gyambo ya buɗe, kuma irin wannan gyambon yana kisa a hankali. Katifa mai laushi, ledar shimfiɗa, sabulu da ƴan zannuwa na canji sun fi masa buhun shinkafar da za a raba gaban kyamara. Koya wa mai jinyar yadda za ta ɗaga shi ba tare da ta karya nata bayan ba, aikin yini guda ne ga malamin lafiya. Na'urar awon jini guda a hannun wakilin lafiya na gari za ta iya gano hawan jini kafin ya kai ga shanyewar jiki, amma maganinsa ba a sha a bari, kowane wata sai an saya. Shi ya sa kuɗin da aka raba a yini ɗaya ba su kai amfanin waɗanda aka ajiye ana fitarwa wata-wata ba.

Da yawa daga tsofaffin da ake ja da sanda yanar ido ce kawai ta rufe su, aikin da bai kai awa guda ba yana buɗe ta. Kuɗin mota zuwa Tawa da na ɗan rakiya ne ke hana su. Ga kuma tsohuwar da ta fara mantuwa, tana fita da dare tana kiran waɗanda suka daɗe da rasuwa. Wannan ciwon ƙwaƙwalwa ne na tsufa, amma a wasu garuruwa sai a fara raɗe-raɗin maita, yara su riƙa gudunta. Zafin da muke jiye wa masu gudu kuma, tsofaffi ya fi ci, domin su ba su cika jin ƙishi ba har sai jiki ya bushe. A farkon Afrilun 2024, lokacin da zafi ya kai digiri 48.5 a garin Kayes na Mali, asibitin Gabriel Touré da ke Bamako ya ƙirga mutuwar mutum 102 cikin kwana huɗu, da yawa daga cikinsu sun haura shekara 60. Randa mai sanyi kusa da shimfiɗa, da wanda zai riƙa miƙa moɗa ko ba a tambaya ba, yana cikin jinya.

Waɗanda suka haura shekara 60 ba su kai 5 cikin 100 na mutanen Nijar ba. A ƙauye guda, waɗanda suka kwanta ko suka rasa mai kula da su ba su wuce a ƙirga da sunayensu ba, kuma mai gari da liman da ungozoma sun san su ɗaya bayan ɗaya. Fadar da ke son shirya gudu ta fara zama da waɗannan mutum uku ta rubuta sunayen da abin da kowanne yake bukata, ta sa samari biyu-biyu su riƙa leƙa su kowane mako suna ɗebo ruwa da gyaran darni. Idan an yi wata biyu ana wannan zagaye bai mutu ba, sai a sa ranar gudu, a aika wa ƴan biɗa da lambar asusun.