Ɗaki Ɗaya Domin Ɗan'uwanmu Kurma

Duk wanda ya saba kai amfanin gona kasuwar Sabon Gari ya san 'yan dakon nan da ke tarbar mota tun ba ta gama tsayawa ba. A cikinsu akwai kurame, masu kaya kuwa suna son su, gama ba su wasa da aiki. Amma a cikinmu wa ya taɓa tambayar inda suke kwana, ko wanda ke kai su asibiti ran da lafiya ta ƙi?

Akwai wani da na sani, mutumin wani ƙauye ne bayan Samaru, inda nake zagayen aikin gona. Ba da kurumta aka haife shi ba. Sanƙarau ne ya kama shi a 1996, shekarar da cutar ta kwantar da mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, ta kashe fiye da 11,000. Ya tashi da ransa, amma kunne ya tafi. Muddin tsohuwarsa tana da rai ba shi da damuwa, domin ta san kowace alama tasa. Da ta rasu, aka ba amaryar ƙanensa ɗakinsa, shi kuwa ya koma dako, yana kwana a rumfar kasuwa.

Ana nan sai ya daina barci, yana dariya shi kaɗai, yana faɗa da waɗanda ba mai ganinsu. Ran da ya jefi wani yaro da dutse aka maido shi gida. Da na je duba masarar ƙungiya, na same shi bayan rumbu da mari a ƙafa. Na ce wa kawunsa, "Baba, me ya yi zafi haka?" Ya ce, "Malam, yaya za mu yi? Mun kai shi wani asibiti, likita ya yi tambaya, mu muka amsa. Shi ba ya jin mu, mu ba mu gane shi."

Inda wuyar take

Mai ciwon ciki, likita yana iya taɓa shi, ya auna jininsa. Amma likitan taɓin hankali, babban kayan aikinsa magana ce. Sai ya tambayi mutum abin da yake gani da abin da ke ba shi tsoro kafin ya san maganin da zai ba shi. In ba mai fassara, kuskure biyu ke faruwa. Kurma mai lafiya, da ya fusata don ba a gane shi ba, sai a ce mahaukaci ne. Wanda kuma ke da ciwon gaske, sai a ce ai halin bebe ne, a ƙyale shi har abin ya yi nisa.

Sa'an nan mu sani, alamun kurame iri biyu ne a wajenmu. Akwai maganar hannu ta ƙasar Hausa, wadda kurame ke koya daga junansu a kasuwa da dandali. Wata Bajamushiya, Constanze Schmaling, ta yi nazarinta a Kano, ta buga littafi a kanta a 2000. Akwai kuma ta makaranta, wadda tushenta daga Amurka yake. Andrew Foster ne ya yaɗa ta, wani kurma baƙar fata mai aikin bishara, wanda ya buɗe makarantar kurame a Accra a 1957, ya buɗe ta Ibadan a 1960. Saboda haka mai fassarar da ya yi makaranta ba lalle ne ya gane kurman ƙauye ba. Namu mutumin, wani tela kurma na Sabon Gari ne ya taimake shi, wanda ya iya duka biyun, ya kuma iya rubutu. Da ya raka shi wurin likita, a ranar aka san ya yi watanni yana ganin tsohuwarsa tana yafito shi cikin dare. Aka ba shi magani, bayan 'yan makonni aka cire marin.

Abin da wasu suka yi

Magani kaɗai ba ya isa in mutum ba shi da wurin kwana. A 1954 Dokta Thomas Adeoye Lambo ya fara wata dabara a Aro, kusa da Abeokuta. Maimakon a kulle masu taɓin hankali, sai a kama musu ɗaki a gidajen ƙauyukan da ke kewaye, kowa tare da ɗan'uwansa mai jiyya. Da rana su je asibiti, da yamma su koma cikin jama'a, masu gida kuwa a biya su kuɗin haya. Haka kuma a Jihar Abiya, Ekklisiyar Metodis tare da wata Baturiyar Ingila, Rosalind Colwill, sun kafa Amaudo a 1989. Suna ɗauko marasa lafiya daga titi, su zauna tare da su, su ci abinci tare, su yi noma da sana'a, sa'an nan su nemo danginsu su mai da su gida.

Dokar ƙasa ma ta canja. A Janairun 2019 aka sa hannu a dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci, wadda ta ce asibitin gwamnati ya tanadi hanyar magana da wanda ba ya ji. A Janairun 2023 kuma aka sa hannu a dokar lafiyar hankali, ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958. Kada mu ce ɗaurin mari laifin wasu ne can. Binciken da ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar a 2019 ya sami mutane a ɗaure a wurare iri iri, har da gidajen addu'a na Kirista.

Abin da ƙungiya za ta iya

Na ɗaya, ɗaki. Ƙungiyar ƙauyen nan ta yi gayya da rani, aka buga tubali, aka gina masa ɗaki cikin gidan kawunsa, ba a bayan gari ba. Kwano da ƙofa kaɗai aka saya. Tun da yake ba ya jin sallama ko kururuwar gobara, aka yi taga mai fuskantar tsakar gida, aka ba maƙwabci mabuɗi na biyu.

Na biyu, mutum biyu aƙalla su koyi alamunsa, domin in ɗaya ya yi tafiya kada a koma gidan jiya. Malaman da suka fi kowa su ne kuramen da kansu.

Na uku, kuɗin magani. A nan muka yi tuntuɓe. Cikin watan Agusta, sa'ad da rumbu ya yi ƙasa, maganinsa ya ƙare, ba kuɗin mota, ciwon ya dawo. Tun daga nan kowane ɗan ƙungiya yake zuba mudu biyu na hatsi da kaka, ma'aji ya sayar ya ajiye kuɗin dabam. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello yana da sashen masu taɓin hankali, akwai kuma asibitin tarayya na Barnawa a Kaduna. Kada a tsai da magani don an ga sauƙi, sai da izinin likita.

Na huɗu, aiki. An ba shi kunya goma a fadamar ƙungiya da tunkiya biyu. Kuɗin tumatirinsa a hannunsa ake sa masa, ba a hannun dangi ba.

A Markus sura 7, da aka kawo wa Yesu kurma, ya janye shi daga taro, ya yi masa magana da hannu, ta hanyar da zai gane. 'Yan'uwa, a taronku na wata mai zuwa ku ƙidaya kuramen da ke ƙauyenku, Kirista da Musulmi, ku tambayi inda kowannensu yake kwana, da wanda zai riƙe shi ran da mahaifiyarsa ba ta nan. Allah ya ba mu ikon yi.