Wankin Mota Da Bokiti Ɗaya: Shin Zai Yi Aiki A Birnin Kudu Da Gwaram?

Daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu, motar da aka wanke da safe a Birnin Kudu kan yi furu-furu kafin la'asar. Wanda ke zirga-zirga tsakanin Birnin Kudu da Gwaram, ko direban da ke cin kasuwar Sara, zaɓi biyu ne a gabansa: ya riƙa sayen ruwa jarka-jarka wajen 'yan garuwa, ko ya ɗauki busasshen tsumma ya goge ƙurar. Na farko yana cin aljihu, na biyu yana cin fenti. Akwai hanya ta uku, wato wanki ba tare da ɗauraya ba.

Mece ce wannan fasaha?

Abu biyu ne suka haɗu: sinadarin da ake ɗigawa a ruwa, da tawul ɗin maikurofaiba. Mafi shahara cikin sinadaran shi ne Optimum No Rinse, wanda ya fito a Amurka a 2006. Ma'auninsa kashi 1 cikin 256 ne, wato kimanin mililita 30 a ruwa lita 8. Da wannan lissafi, jarka mai lita 25 za ta wanke ƙananan motoci uku, kwalbar sinadari mai kusan lita ɗaya kuma ta kai wanki 30.

Sinadarin ba ya kumfa kamar sabulu. Aikinsa shi ne ya lulluɓe kowace ƙwayar ƙura ya sa mata santsi, ta yadda za ta rabu da jikin mota ba tare da ta karce shi ba. Tun da babu kumfar da za ta bushe ta bar tabo, ba a buƙatar watsa ruwa a ƙarshe. A goge, a tsane, shi ke nan.

Sirrin yana jikin tawul

Ƙurar hunturu ba gari ba ce kawai. Mafi yawanta iska ce ke kwaso ta daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, ta haɗu da rairayin hanya, wanda ya fi fentin mota tauri nesa ba kusa ba. Rufin da ke sa fenti sheƙi kuwa bai kai kaurin gashin kai ba. Idan aka ja tsohuwar riga a kai, ƙurar ba ta da wurin shiga, sai ta zama kamar takardar goge katako. Daga nan ne ake samun zane-zanen nan masu kama da saƙar gizo-gizo da ke bayyana a baƙar mota idan rana ta haska ta.

Maikurofaiba, wanda masana'antun Japan suka fara kasuwancinsa a wajajen 1970, zare ne da ya fi na siliki siranta. Yawanci kashi 80 foliyesta ne, kashi 20 dangin nailan. Ana tsattsaga kowane zare ya zama mai lunguna, sai ƙura ta shige ciki ta maƙale maimakon ta tsaya a sama.

Wajen saye, a duba lambar GSM da ke jikin leda. Ba GSM na waya ba ne, nauyin tawul ne a kowace murabba'in mita. Mai 350 zuwa 500 ya dace da fenti, mara kauri kuma a bar shi wa gilashi da taya. Ana samun su a kasuwannin Kano da shagunan intanet.

Yadda ake yi

A ajiye mota a inuwa har ƙarfen ya huce. A jiƙa tawul shida zuwa takwas a cikin bokitin. A fara fesa ruwan sinadarin da kwalbar feshi, a ba shi kamar minti ɗaya. A ninke tawul sau biyu, zai ba da fuska takwas. Kowace fuska shafa ɗaya ko biyu, a miƙe, ba a kewaye ba, kuma ba tare da dannawa ba. A fara daga rufi a gangaro, ƙasan ƙofa da taya su zo ƙarshe. Tawul ɗin da ya yi datti ba ya komawa bokiti, wanda ya faɗi ƙasa kuma ya gama aiki a ranar. Kowane ɓangare a tsane shi nan take da busasshen tawul, musamman idan ruwan rijiyar burtsatse ne, don yakan bar farin tabo.

Inda ba ta da amfani

Motar da ta ratso taɓon damina daga ƙauyukan Gwaram, jar laka ta bushe a jikinta, ba ta bokiti ɗaya ba ce. Dole a fara zubar da lakar da ruwa mai yawa, haka ma ƙarƙashin mota. Sannan su kansu tawul ɗin suna buƙatar wanki daban, ba a haɗa su da kayan auduga, ba a sa musu ruwan laushin tufafi, ba a kuma yi musu guga, domin zafi yana narkar da zaren. Ruwan wannan wanki ma a sa shi a lissafi. Ga kuma sinadarin daga waje yake zuwa, farashinsa na bin dala.

Ga matashin da ke neman sana'a, ribar a bayyane take: bokiti, kwalbar feshi da tawul goma duk suna hawa bayan babur. Ba janareta, ba famfon feshi, ba hayar fili. Zai iya bin ma'aikata har inda suke ajiye motoci, kamar na Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu, idan ya sami izini. Wanda kuma kuɗinsa bai kai na sinadari ba, ya fara da tawul mai kyau da ruwan feshi, ya daina goge ƙura a bushe.