Wa Ke Taɓa Wa: Inda Sirrin Furotin Yake

A cikin jajayen ƙwayoyin jininmu akwai hemogulobin, furotin ɗin da ke dakon iskar oksijin daga huhu zuwa sauran jiki. Sarƙoƙi huɗu ne suka haɗu suka yi shi: biyu ana kiransu alfa, kowace da amino asid 141, biyu kuma beta, kowace da 146. Tsakanin 1956 da 1957, Vernon Ingram, yana aiki a Jami'ar Cambridge ta Ingila, ya nuna cewa abin da ya raba jinin mai sikila da na mai lafiya amino asid ɗaya ne tak a sarƙar beta. A gurbi na 6, inda gulutamik asid ya kamata ya zauna, sai balin ya maye shi. Nijeriya ce ƙasar da ta fi kowace yawan jariran da ake haifa da wannan ciwo, don haka tambayar da ke biye ta shafe mu kai tsaye: ta yaya canji ɗaya cikin 146 zai lanƙwasa ƙwayar jini, ya toshe ƙananan jijiyoyi, ya hana yaro barci saboda ciwon ƙashi? Jerin amino asid shi kaɗai ba zai ba da amsa ba. Ra'ayina shi ne, wanda yake son fahimtar furotin dole ya tambayi wane amino asid ne ke taɓa wane, domin a nan aikin yake.

Furotin sarƙa ce da aka jera da amino asid iri 20, amma ba a miƙe take zama ba. Ka dunƙule carbi a tafin hannunka: ƙwaya ta 5 za ta iya jingina da ta 70, alhali a kan zaren suna nesa da juna. Haka sarƙar furotin ke naɗewa, sai dai ita naɗinta ba na ganganci ba ne, kusan kullum siffa ɗaya take komawa. Christian Anfinsen ya tabbatar da haka da wani ƙaramin furotin mai suna ribonukiliyes, mai amino asid 124. Ya warware shi da sinadarai har ya daina aiki, da ya janye sinadaran sai furotin ɗin ya naɗe kansa ya koma bakin aikinsa, kuma wannan ne ya kai shi ga kyautar Nobel ta 1972. Abin da ke jan naɗin shi ne halin kowane amino asid. Masu ƙin ruwa, irin su balin da lusin da fenilalanin, suna tattaruwa a tsakiya su ɓuya, kamar yadda Walter Kauzmann ya bayyana a 1959. Masu cajin lantarki sun fi zama a waje kusa da ruwa, ko mai caji tabbatacce ya kama mai korau. Sistin biyu kuwa kan ƙulla gadar sulfa mai ƙarfi, kuma ribonukiliyes na da irin wannan gada huɗu. Masana kan ce amino asid biyu sun haɗu idan tazarar da ke tsakanin wasu ƙwayoyin kabon nasu ba ta kai angistirom 8 ba, kuma sai an jera angistirom miliyan 10 ake samun milimita ɗaya.

Da wannan ido, sikila ta daina zama abin mamaki. Gulutamik asid na da caji, yana zaman lafiya da ruwa a bayan hemogulobin. Balin kuwa mai ƙin ruwa ne da aka bari a fili, yana neman mafaka. Idan hemogulobin ya sauke oksijin, siffarsa takan ɗan sauya, sai wani ɗan rami ya samu a sarƙar beta tsakanin fenilalanin na gurbi na 85 da lusin na gurbi na 88. Balin ɗin wani hemogulobin na kusa sai ya shige ramin ya maƙale, wannan ya kama wancan, wancan ya kama na gaba, har su zama dogayen zarurruka masu tauri da ke murɗe ƙwayar jinin. Hujjar da ta fi gamsar da ni ita ce ta hemogulobin C, wanda ya yawaita a Burkina Faso da arewacin Gana. Shi ma a gurbi na 6 aka samu canjin, amma lisin ne ya shiga, mai caji, wanda ba ya dacewa da wancan rami. Gurbi ɗaya ne, amma ba a samun zarurrukan, ciwon kuma ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Ashe ba wurin canjin ne ke yanke hukunci ba, sabuwar haɗuwar da ya ƙulla ce.

Wannan tunani ne kuma ya buɗe ƙofar da ta daɗe a rufe, wato hasashen siffar furotin daga jerinsa. Tun da John Kendrew ya fito da siffar furotin ɗin mayogulobin a 1958, gano siffa ɗaya kan ci shekaru a ɗakin gwaji. A 1994 Chris Sander da Alfonso Valencia da abokan aikinsu suka lura da wata alama: idan aka jera furotin iri ɗaya daga halittu daban-daban, akan ga gurbi biyu suna canzawa tare. In ɗaya ya girma ɗayan ya ƙanƙance, in cajin wannan ya juya na wancan ma ya juya, kuma dalili mafi kusa shi ne suna taɓa juna. Da farko dabarar ba ta yi tasiri sosai ba, saboda gurbin da ke taɓa na biyu, na biyun kuma yana taɓa na uku, yakan sa a zaci na farko da na uku maƙwabta ne. Zuwa 2011, Debora Marks da wasu masana sun yi amfani da lissafin da ke tace haɗuwar gaskiya daga ta jabu, suka gina siffofi daga jeri kawai. AlphaFold, shirin kwamfuta wanda ya yi zarra a gasar hasashen siffar furotin ta CASP a 2020 ya kuma kai Demis Hassabis da John Jumper ga Nobel ta 2024 tare da David Baker, a kan wannan tushe ya tsaya, domin babban abin da yake koyo shi ne dangantakar kowane amino asid biyu.

Mai suka zai ce ma'aunin angistirom 8 ɗan'adam ne ya yanke shi, kuma kusanci ba ya nufin muhimmanci. Gaskiya ya faɗa. A 1995 Tim Clackson da James Wells sun binciki wurin da homon ɗin girma ke kama makarɓinsa, suna musanya amino asid ɗaya bayan ɗaya, sai suka ga cikin kusan 30 da ke wurin, 'yan kaɗan ne ke ɗauke da mafi yawan ƙarfin riƙon, musamman tiriftofan guda biyu. Amma wannan bai rushe batun ba, ya dai nuna cewa bayan an san wa ke taɓa wa, sai a auna nauyin kowace haɗuwa. Wani kuma zai ce tunda kwamfuta ta fitar da siffofi sama da miliyan 200, me ya rage a yi? Sikila ce amsarsa. Siffar hemogulobin S, wato na mai sikila, guda ɗaya kusan ba ta da bambanci da ta mai lafiya, matsalar tana faruwa ne tsakanin hemogulobin da ɗan'uwansa, kuma sai lokacin da oksijin ya sauka. Hoton furotin a tsaye shi kaɗai ba ya nuna wannan, kuma har yau hasashen tasirin canji ɗaya na cikin wuraren da waɗannan manhajoji ke da rauni.

Amfanin wannan ilimi ya riga ya isa asibiti. Jariri mai sikila yakan yi watannin farko cikin sauƙi saboda hemogulobin na tayi da ke jininsa, wanda ke da sarƙar gama a madadin beta. A gurbi na 87, daf da ramin nan, gama na ɗauke da gulutamin inda beta ke da tiriyonin, kuma wannan yana hana balin zama daram. Shi ya sa maganin haidiroksiyuriya, da ke ƙara yawan hemogulobin na tayi, yake rage tashin ciwon. A Disambar 2023 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da Lyfgenia, maganin da ke dasa wa majinyaci ƙwayar halittar beta da aka sa wa gulutamin a gurbi na 87 da gangan. Kuɗinsa ya haura dala miliyan 3, abin da ya fi ƙarfin kusan duk iyalan da ke jinyar sikila a nan, don haka aikin da ke gaban masana harhaɗa magunguna shi ne samo ƙwaya mai araha da za ta hana balin na 6 shiga wancan rami.