Sankarar fata: alƙaluman da suka shafi baƙar fata a Abijan

A rumfunan kasuwar Adjamé an sha cewa sankarar fata ciwon Turawa ce. Akwai ƙanshin gaskiya a zancen, amma dogara da shi ne ke sa namu isa asibiti a makare.

330,000. Kusan adadin waɗanda melanoma, mafi muni cikin sankarar fata, ta kama a duniya a 2022. Kusan 60,000 sun rasu. A Amurka takan kama Bature 1 cikin 33, baƙar fata kuwa 1 cikin 1,000.

99 da 35. A Amurka, cikin mutum 100 da aka gano tasu tun ba ta bazu ba, 99 suna raye bayan shekara biyar. Idan ta kai huhu ko hanta, saura kusan 35. A jikinmu ɓuya take yi inda rana ba ta kaiwa: tafin ƙafa, tafin hannu, ƙarƙashin farce. Ta mawaƙi Bob Marley a yatsan ƙafa aka gano ta a 1977, ta kashe shi a 1981 yana ɗan shekara 36.

Milimita 6. Kaurin fensir ke nan. Tawadar Allah da ta wuce haka, ko gefenta ya yi zaƙo-zaƙo, launinta ya rarrabu, ko tana canza kama, a kai wa likita.

Mako 4. Gyambon da ya kai haka bai warke ba, musamman a kan tsohon tabon ƙuna, ya wuce a yi ta barbaɗa masa garin magani.

1 cikin 5,000 zuwa 15,000. Yawan zabiya a Afirka kudu da Sahara. Su rana ke wa illa tun suna matasa. Malfa, riga mai dogon hannu da man kariya wajibi ne a gare su.

Daga shataletalen Indénié, gada ɗaya za a haye zuwa sashen fata na asibitin koyarwa na Treichville. Likita zai haska tabon da madubi, ya yi allurar kashe zafi, ya yanki ɗan ƙanƙanen nama a auna. Wannan gwajin ne kaɗai ke tabbatar da cutar.

Kullum muna wanke ƙafa wajen alwala. Gobe da asuba, ɗaga tafin ka duba, ka duba na tsohuwarka ma.