Ko Ka Sani? Shari'ar da Ake Yi a Cikin Jikin Raƙumi

Duk wanda ya taɓa shiga karar Illela da bazara ya san yadda rana take yi wa mutane. Dillalai na neman inuwa, shanu na haki, amma raƙuman da Buzaye suka koro ta Birnin Ƙonni suna durƙushe suna tuƙa, kamar ba da su ake ba. Tambayi yaro dalili, zai nuna maka tozo ya ce ruwa ne a ciki. Kitse ne, ba ruwa ba. Asirin ya fi tozo zurfi, yana can cikin ƙwayoyin halittar da ido ba ya gani.

A shekarun 1950 wani masani mai suna Knut Schmidt-Nielsen ya auna raƙuma a hamadar Aljeriya. Ya gano cewa raƙumin da ƙishirwa ta kama yakan wayi gari zafin jikinsa na wajen digiri 34, kafin la'asar ya doshi 41. Yana barin jikin ya yi zafi ne don kada ya zubar da ruwa ta gumi. Ɗan Adam da ya kai 41 kuwa sai dai a ɗauke shi ranga-ranga zuwa asibiti.

Me zafi yake ɓatawa? Dubi mai shayi in ya fasa ƙwai a kasko. Ruwan nan mai yauƙi ya koma fari ya daskare, kuma ba mai maido shi. Furotin ne ya warware daga naɗinsa ya cakuɗe. Kowace ƙwayar halitta cike take da furotin iri-iri, kowanne da naɗin da yake aiki da shi, zafi kuma warware naɗi yake yi.

Da zarar haka ta fara, ƙwayar takan tayar da wata runduna ta masu gyara. Shahararre a cikinsu shi ne HSP70. Yakan rungume furotin ɗin da ya fara lalacewa, ya hana shi manne wa 'yan'uwansa, ya taimake shi ya koma siffarsa. Wani Ba'italiye, Ferruccio Ritossa, shi ya fara hango alamar wannan runduna a 1962, a jikin ɗan ƙudan da ke bin 'ya'yan itace. Mu ma muna da ita. Masu bincike a Jami'ar Sarki Sa'ud da ke Riyad sun ajiye ƙwayoyin raƙumi a zafin digiri 45 na sa'o'i masu yawa, suka ga sun takure kamar za su mutu, amma da aka sassauta sai suka farfaɗo suka ci gaba da yaɗuwa.

To in ɓarnar ta fi ƙarfin gyara fa? Nan ne abin ya fi ba ni mamaki. Ƙwayar ba ta jira ta ruɓe ta cuci maƙwabta. Shari'a ake zama a cikinta. Akwai furotin mai suna p53, wanda aka gano a 1979, shi ne kamar alƙali: in ya ga kundin gado na ƙwayar ya samu illa, sai ya tsayar da ita daga rabuwa har a gyara, in abin ya faskara ya yanke hukunci. Akwai Bcl-2 da ke cewa a yi haƙuri, akwai Bax da ke cewa a gama. Idan Bax ya rinjaya, sai ya huda mitokondiriya, wato murhun da ke ba ƙwayar ƙarfi, wani furotin ya tsiyayo, ya tashi waɗanda ake kira kasfes. Su ne mahauta. Sukan yanyanka kayan cikin ƙwayar, a ƙulle su ƙulli-ƙulli, ƙwayoyin shara su zo su haɗiye. Ba kumburi, ba ruwan ciwo. HSP70 ma yana da baki a wannan zama, domin yana iya tare hanya kafin mahautan su zare wuƙa, ya sama wa ƙwayar ɗan lokaci.

Masana uku a Abadin ta Sikotland, Kerr da Wyllie da Currie, su suka raɗa wa wannan mutuwa suna a 1972: afoftosis, daga kalmar Girkanci mai nufin kaɗewar ganye daga itace. A 2002 aka ba Brenner da Horvitz da Sulston kyautar Nobel saboda aikinsu kan wata 'yar tsutsa da ke yin ƙwayoyi 1,090, amma 131 daga ciki sai sun mutu, kullum su ɗin dai. Haka wutsiyar talibambam take ɓacewa kafin ya zama kwaɗo. Haka yatsunka suka rabu tun kana ciki. Agwagwa da ba a share mata fatar tsakani ba, ga ta nan da ƙafar iyo.

Giwa kuma wata hanyar ta bi. Mutum yana da kwafi ɗaya na umarnin yin p53, wanda ya gada ta uwa da ta uba, giwar Afirka tana da kusan 20. Binciken da Joshua Schiffman da abokan aikinsa suka fitar a Amurka a 2015 ya nuna ƙwayoyin jininta sun fi na mutum saurin kashe kansu idan kundin gadonsu ya lalace. Shi ya sa ake ganin duk girman jikin nan nata, kansa ba ta cika kama ta ba. A wajen mutane kuwa, kusan rabin cututtukan kansa ana samun p53 ɗin ne ya lalace, ƙwayar da ya kamata ta tafi ta zauna tana hayayyafa har ta zama ƙari.