Sauya Lambobi Daga Tushen Takwas Zuwa Tushen Goma

1.0 Gabatarwa

Ƙidayar Hausa a kan goma aka gina ta. Idan mai ƙidaya ya kai goma, sai ya ɗora da goma sha ɗaya, goma sha biyu, har zuwa ashirin, wadda mutanen da suke kira gomiya biyu kafin kalmar Larabci ta maye gurbinta. Wannan tsari shi ake kira tushen goma. Akwai kuma wasu tsare-tsaren da ake buƙatar malami ya naƙalta, daga cikinsu akwai tushen takwas.

1.1 Ma'anar Tushen Takwas

Tushen takwas tsari ne da ke amfani da alƙaluma takwas kacal, wato daga 0 zuwa 7. Da zarar ƙidaya ta wuce 7, sai a rubuta 10, ma'ana ɗauri ɗaya na takwas ba tare da ragowa ba. A tushen goma darajar gurabe daga dama zuwa hagu ita ce 1, 10, 100, 1000. A tushen takwas kuwa ita ce 1, 8, 64, 512, domin kowane gurbi ya ninka na damansa sau takwas.

1.2 Hanyoyin Sauyawa

Hanya ta farko ita ce a ninka kowane alƙalami da darajar gurbinsa, sannan a tara sakamakon. Misali, 2046 a tushen takwas:

2 × 512 = 1024
0 × 64 = 0
4 × 8 = 32
6 × 1 = 6

Jimla ita ce 1062 a tushen goma.

Hanya ta biyu daga hagu take farawa. Za a ninka alƙalamin farko da 8 a ƙara na biyu, a sake ninka abin da aka samu da 8 a ƙara na uku, haka har ƙarshe:

2 × 8 + 0 = 16
16 × 8 + 4 = 132
132 × 8 + 6 = 1062

Don tabbatar da amsa, sai a yi ta raba 1062 da 8 ana ajiye ragowa. Za a samu 6, 4, 0, 2, waɗanda idan aka karanta su daga ƙarshe zuwa farko za su ba da 2046.

1.3 Inda Ake Amfani da Shi

Kwamfuta da tushen biyu take aiki, kuma kowane alƙalami ɗaya na tushen takwas daidai yake da alƙaluma uku na tushen biyu. Shi ya sa masu sarrafa tsoffin na'urori irin su PDP-8, wadda ta fito a Amurka a 1965, suka riƙe shi don taƙaita dogayen lambobi. Haka nan lambar shaida mai alƙaluma huɗu da jirgin sama ke aika wa masu kula da zirga-zirgar jirage, daga 0000 zuwa 7777 take, wato lambobi 4096. Matuƙin da ya shiga halin gaggawa 7700 yake sanyawa.

1.4 Matsalar Furuci a Aji

A nan ne aikin malamin Hausa yake da nauyi. Sunayen lambobin Hausa ɗauke suke da goma a cikinsu, saboda haka ɗalibin da ya karanta 17 ta tushen takwas a matsayin "goma sha bakwai" ya riga ya kauce, domin darajarta goma sha biyar ce. Daidai shi ne a ce "ɗaya, bakwai, a tushen takwas". Yana da kyau malami ya kawo karare ko tsinkaye a riƙa ɗaure su takwas-takwas, ɗauri takwas kuma su zama dami guda. Ɗalibin da ya ga dami ɗaya da ɗauri biyar da silli bakwai zai gane da idonsa cewa 157 tana nufin 64 + 40 + 7, wato 111. Wajibi ne kuma a hana tsallake sifiri, domin shi ke riƙe gurbi.

1.5 Aikin Yi

1. Sauya 35 da 604 da 7777 daga tushen takwas zuwa tushen goma.
2. Bayyana dalilin da ya sa 189 ba za ta zama lambar tushen takwas ba.